Tagogin Malam Isiyaku

Sai da na kwana uku a Makka kafin na iya faɗa wa kowa ainihin abin da ya kawo ni. Umara na zo yi, wannan gaskiya ne, ita ce ma a rubuce a bizata. Amma a ƙasan jakata akwai wata takarda guda da na kwafo daga wani tsohon littafin Jamusanci, kuma ita ce ta hana ni sakat tun daga Katsina.

Ni malamin tarihi ne. Kundin digirina na uku a kan rayuwar Jamusawa yake, tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu: zane-zanensu, gine-ginensu, majiginsu, da yadda mutanen da suka sha kashi a fagen yaƙi suka tashi suna ƙirƙire-ƙirƙire ba ji ba gani. Shekara shida ina fama. Jamusancin ma da ƙyar na koya, har yau in na furta wata kalmar sai na ji kamar ƙashin kifi ya tsaya mini a maƙogwaro. Sau biyu na nemi bizar Jamus, sau biyu aka dawo mini da fasfona ko sannu babu. Malamin da ke duba aikina ya gaji da ni, ya ce mini ƙiri-ƙiri duk abin da na rubuta Turawa sun riga sun rubuta, sun ma fi ni iyawa. In ban kawo abin da ba a taɓa gani ba kafin ƙarshen zango, in nemi wani batun ko in haƙura da digirin.

Takardar da ke jakata layi uku ce kawai, a ƙasan shafi. Marubucin yana gode wa wani Malam Isiyaku mutumin Garwa, wanda ya yi shekaru yana koya wa ɗalibai Hausa a Berlin, yana kuma rubuta abin da yake gani a littattafansa da harufan Larabci, daga baya ya bar su ya tafi Makka. Wato akwai Bahaushen da ya ga zamanin da nake karantawa da idonsa, ya kuma rubuta shi da ajami. Ban san ko takardun na nan ba, ban ma san ko ya bar baya ba. Na dai sayar da babur ɗina na taho.

A unguwar Rusaifa na sauka, wurin Bello ƙanin matata Hadiza, wanda ke karatun hadisi a can. Ɗakinsa ɗaya ne, littattafai sun cinye rabi, shi da tukunyar gas sun raba sauran. Da na nuna masa takardar sai ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya dube ni.

"Yaya Nura, mutane na zuwa garin nan neman lahira, kai ka zo neman Jamus. Anti Hadiza ta san da wannan?"

"Ita ta haɗa mini tsarabar da zan kai wa iyalin."

"Wane iyali? Ka san su?"

"Zan san su."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar ya daina kirana Yaya Nura, ya koma Yaya Bajamushe, har a gaban abokansa.

Ranar da na fara ganin Ɗakin Allah kuwa na manta da Jamus, na manta da kundi, na manta har addu'o'in da Hadiza ta rubuta mini a takarda. Tsaye kawai na yi baki buɗe, sai da wani dattijo ɗan Indunusiya ya dafa kafaɗata ya matsar da ni gefe a hankali, da alama ya saba ganin irina. Shekara shida ina karanta yadda masu zanen Jamus suka wahalar da kansu wajen neman siffar da ta fi kowace sauƙi, wadda aka cire mata duk wani ado. Sai ga ɗaki baƙi mai kusurwa huɗu a gabana, duniya kaf tana zagaya shi, babu mai tura kowa da umarni, amma kowa ya san inda ya nufa. Na yi istigfari da wannan tunani ya zo mini a tsakiyar ɗawafi, amma ya zo, ba zan ɓoye ba. Na gama zagaye bakwai ina hawaye, ban san lokacin da suka fara ba.

Daga nan sai Jarwal. Bello ya ce in akwai tsohon gidan Hausawa a Makka to a can za a san shi. Yana da darasi, don haka ni kaɗai na tafi. Unguwa ce ta hawa da gangara, otal-otal na alhazai sun taso sun rufe tsofaffin gidaje, rana kuma tana dukan mutum ta sama, kwalta na dukansa ta ƙasa. A bakin wani shagon shayi na haɗu da Alhaji Tanko, mutumin da ya zo aikin Hajji shekarun baya ya manta hanyar filin jirgi. Yana jin Hausata ya taso da fara'a.

"Ɗan'uwa, wa kake nema? Babu Bahaushen da aka haifa ko aka binne a garin nan da ban san gidansu ba."

Na gaya masa. Ya rufe ido, ya kaɗa kai, ya ce ai wannan gidan kamar gidansu ne. Kwana uku muna yawo. Ranar farko ya kai ni wurin wani da ya taɓa tuƙa wa wani Bajamushe mota a Jidda. Rana ta biyu, wurin wata tsohuwa da mahaifinta ya yi fataucin filas-filas ƙirar Jamus. Kowace rana kuma da azahar ƙafarsa sai ta kai mu gidan abinci, ya ci shinkafa da rabin kaza, ya yi hamdala, ya fita wanke hannu daidai lokacin biya. A rana ta uku ya ce yanzu kam ya gano su, amma a al'adar nan ba a zuwa gidan mutane sai an aika tsaraba ta riga mutum. Ni da nake koyar da tarihin mayaudaran duniya a aji, na ɗauki ledar kilishi da daddawa da kuka da yajin da Hadiza ta daka da hannunta na miƙa masa. Ya ce in jira shi a inuwar nan. Na jira har la'asar, na jira har inuwar ta bar ni. Tanko ya yi ɓatan dabo.

Ba kilishin ne ya ƙona mini rai ba, yajin ne. Na ga lokacin da Hadiza take dakawa, tana tari, tana cewa kada in je gidan mutane hannu sake. Na zauna a kan dakalin wani rufaffen shago na kira ta. Na ce komai lafiya, ana ta ibada. Ta ce muryata ba ta yi kama da ta mai lafiya ba. A bayanta ina jin tashin ƙarar injin markaɗen maƙwabtanmu, wanda kullum nake zagi, sai na ji da za a ba ni shi in saurara har yamma da na gode. Saura kwana biyar jirgina ya tashi.

Da na miƙe, aljihun rigata ya kama wani ƙarfe ya yage har ƙasa. Haka na shiga wani lungu ina riƙe da shi, na tarar da shagon tela, ƙarami ƙwarai, da wani tsoho a kan keke. Sunansa Baba Haruna, iyayensa mutanen Damagaram ne, da shi aka zo a goye. Ya ba ni wani zane na yafa, ya karɓi rigar, ya zuba mini zamzam mai sanyi a kofi. Bai tambaye ni komai ba sai da na shanye.

"Yaro, fuskarka ta wanda aka cuta ce. Tanko ne?"

Na ce shi ne. Ya ce Allah Ya shirye shi, ya ci gaba da taka keke. Na ba shi labarin, ba don ina sa rai ba, don dai in huce. Da na ambaci Isiyaku na Garwa sai ƙafarsa ta tsaya.

"Almani kake nufi, wato Bajamushe, haka ake ce masa. Mai gyaran agogo. Ina yaro nakan leƙa shagonsa, dogo ne, ba ya rabuwa da laima, in ya ce maka ka zo ƙarfe huɗu ka zo da minti biyar sai ya ce ka dawo gobe. Ya daɗe da rasuwa. Gidan ma an rushe bara, wancan otal ɗin ne a wurin. Amma 'yarsa Rakiya na nan da rai, ɗanta Fu'ad ya ɗauke ta sun koma Shisha."

Ya ciji zare, ya dube ni ta saman tabarau.

"Sai dai ka bi a hankali. Mutane sun ji tsoronsa. An ce yana da takardu."

Ban tsaya tambayar me yake nufi ba, murna ta rufe mini kunne. Ya yi mini kwatance a bayan wata takardar awo, ya ƙi karɓar ladan ɗinki, ya ce in na koma gida in gaida masa ƙasar da bai sani ba.

Washegari Alhamis na hau tasi zuwa Shisha. Unguwa ce ta benaye masu kama da juna, sai da na hau uku kafin na dace. Wani mutum mai kimanin shekara hamsin ya buɗe ƙofa, cikin farar jallabiya, da makullin mota a hannu. Shi ne Fu'ad. Hausarsa tana nan, amma Larabci ya zauna mata a wuya. Na yi sallama, na faɗi sunana, sannan maimakon in bi a hankali kamar yadda aka ce mini, sai na zazzage masa komai a tsaye: daga Najeriya na taso musamman saboda takardun kakansa, na sayar da abin hawana, babu abin da nake so a duniya kamar in riƙe su a hannuna.

Ina magana fuskarsa na canjawa. Ya waiwaya ya dubi matakala, ya rage murya.

"Ya akhi, wa ya gaya maka muna da su?"

"A littafi na gani."

"Daga Najeriya takanas saboda wannan? Halas, na gane aikinka. Mu nan ba ma wannan abin. Ka san abin da hukuma ke yi wa wanda aka samu da shi a gida? Ina da yara, ina da aiki."

"Wane abu?"

"Sihiri. Na buɗe littafin na gani da idona, hatimi ne, da sunayen da ba Larabci ba. Da muna kwashe kaya daga Jarwal na tsince shi, tun ranar ban samu natsuwa ba. Limaminmu ya koya mini yadda ake yi. Bukra, gobe ke nan, bayan la'asar zan karanta a kansa in jiƙa shi a ruwa, a huta. Ma'assalama."

Ya rufe ƙofa. Na tsaya ina kallonta. A can, in aka tsinci takardar da ake zargin ta tsibbu ce, haka ake yi mata: a yi mata karatu, a narkar da rubutun a ruwa, a zubar a wuri mai tsabta. Tawadar mutanenmu ta dā kuwa ba ta jure ko yayyafi. Abin da na ƙetare teku ina nema yana bayan wannan ƙofar, saura masa kwana ɗaya, kuma zumuɗina ne ya ƙara tabbatar wa mai shi cewa abin tsoro ne. Na ƙwanƙwasa sau biyu, ba a buɗe ba. A cikin tasi na zagi kaina da duk yaren da na iya, har da Jamusancin.

Bello na ganina bai ce Bajamushe ba. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaya, in kuma da gaske hatimin ne fa?"

Na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na fasa. Malam Isiyaku mutumin zamanin dā ne, malami ne, ya yi zaman baƙunta a ƙasar da ba Musulmi. Me zai hana ya rubuta abin tsari? Na ce ban sani ba.

"To shi ma Fu'ad bai sani ba," in ji Bello. "Ba a yanke wa takarda hukunci ba a ji abin da ta ce ba. Gobe tare za mu."

Bayan mun sauko daga Juma'a ya sa jallabiyarsa mafi kyau, ya gyara gemu, ya shafa turare. Muka isa ƙofar Fu'ad. Bello ne ya yi magana, da Larabcin da ban san ƙanin matata ya iya irinsa ba, a natse, ba gardama. Ya ce a bar ni in karanta da ƙarfi a gaban kowa. In kalma ɗaya ta shirka ta fito, shi Bello da hannunsa zai tsoma littafin a ruwa, ni kuma ba za a sake ganina ba. Fu'ad ya daɗe yana duban sa, sannan ya matsa ya ce, "Tafaddalu."

A tsakiyar falon akwai farin baho cike da ruwa, an riga an ajiye. Kusa da shi wani tsohon gwangwanin alewa. Muna zama sai na ji takun sanda. Wata tsohuwa ta shigo, siririya, doguwa, ta lulluɓe da baƙin mayafi, ta zauna a kujerar da ke nesa da bahon. Hajiya Rakiya ce, muka durƙusa muka gaishe ta.

"Ɗan nan, kai ne na Najeriya? Wane gari?"

"Katsina, Hajiya."

"Ina jin sunanta. Ni ban taɓa zuwa ko'ina ba, nan aka haife ni." Ta dubi gwangwanin ta kawar da kai. "Ku yi abin da za ku yi. Ni dai Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa."

Fu'ad ya yi bisimilla ya buɗe, ya zaro littafi mai baƙin bango da 'yan yatsu biyu, ya buɗe wani shafi da ya sa wa alama, ya tura mini. Gidaje ne masu kusurwa huɗu, jeri biyar a tsaye, shida a kwance, kowane gida da rubutu a ciki. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan siffa. Na ji Bello ya ja numfashi a gefena. Na yi ta maza na kai ido layin da ke sama. Rubutu ne irin na makarantar allo, mai kauri, da wasali cikakke. Na fara haɗa baƙi a hankali kamar yadda aka koya mini ina yaro, na karanta da ƙarfi.

"Wannan surar gidan da nake ciki ce a birnin Barlin, kowane ɗaki da tagarsa. Gidan sabon yayi ne. Rufinsa shimfiɗe yake kamar soron Kano, ba shi da ado, sai farin bango da gilashi. Maginin ya ce talaka ma ya cancanci rana a ɗakinsa, shi ya sa ya ba kowa taga babba, bai fifita kowa ba."

Na sa yatsa a gidan farko.

"Mai gyaran agogo, shi ne ya koya mini sana'a."

Na matsa na biyu. "Matar da mijinta bai komo daga yaƙi ba, har yau tana ajiye masa cokali." Na uku: "Soja mai ƙafa ɗaya, yana sayar da ashana." Na huɗu: "Mai goge, Bayahude, yakan ba ni gawayi ranar da nawa ya ƙare." Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, mai ɗinki, mai wanki, mai buga jarida, 'yan mata biyu masu aski irin na maza da ke aiki a gidan waya. A jeri na huɗu, gida na biyu daga dama: "Ni Isiyaku. Alƙibla ta wajen murhu take."

Na karanta littattafai a kan irin waɗannan gidaje har idona ya yi rauni, na san hotunansu ta kowace kusurwa, amma ban taɓa sanin wa ke bayan tagogin ba. Ga su nan duka, an jera mini su da Hausa, a wani falo a Makka.

"Sake faɗin na agogon," in ji Hajiya Rakiya. Na sake. Ta ce, "Bai taɓa gaya mana inda ya koya ba. Mutane cewa suke aljanu ne ke nuna masa ciwon agogo."

Fu'ad bai saki ba tukuna. Ya karɓi littafin ya buɗe wani shafin, mai da'irori da alwatika sun hau kan juna. "Tayyib, wannan fa?"

Na karanta abin da ke ƙasa. "Na kwafo wannan daga allon maƙwabcina mai zane. Ya ce ya daina zana fuskar mutum tun da ya ga abin da yaƙi ya yi wa fuskoki, yanzu da'ira yake zanawa da kusurwa, yana neman natsuwa a ciki. Na ce masa mu Musulmi mun daɗe a nan, ka zo ka ga ƙofar masallaci. Ya yi dariya ya ba ni gahawa."

Bello ne ya fara dariya, sai Fu'ad ya biyo shi ba da son ransa ba, yana rufe baki. Daga nan ba wanda ya ƙara ce mini in tsaya. Na karanta yadda aka sa shi ya yi magana a bakin wani ƙaho, muryarsa ta dawo masa daga faifai, ya yi a'uziyya sau uku kafin ya yarda tasa ce. Na karanta majigin da ya gani wanda aka yi da takarda da almakashi, inuwa na tafiya tana kuka, manyan mutane na share hawaye saboda inuwa. Kujerar da aka lanƙwasa daga bututun ƙarfe, wadda ya ƙi zama a kai kwana biyu. Shekarar da burodi ya fi kuɗin sayensa daraja. Gidajen rawa da ya wuce ta ƙofarsu yana sunkuyar da kai, amma ya yarda kiɗan ya bi shi har gida. Mutum ne mai ido, ba ya raina abin da bai sani ba, ba ya kuma barin a raina shi. Ina karantawa ina jin kamar in miƙe tsaye don girmamawa.

Wajen ƙarshe rubutun ya ƙanƙance, ya matsu. Mai goge ya bar gidan, ba sallama. An cire allunan mai zane daga inda ake nuna su. Samari masu kaya iri ɗaya suna maci a titi, yaran da suka saba gaishe shi sun daina. Sai shafi na ƙarshe.

"Yau na ga ɗalibai a dandali suna ɗebo littattafai suna zubawa a wuta. A cikinsu akwai wanda na koya wa gaisuwar Hausa da bakina. Na ce masa, ka karanta wanda ke hannunka? Ya ce ba sai ya karanta ba, an gaya masa abin da ke ciki. Na komo ɗaki na ɗaure kayana. In Allah Ya yarda Makka za ni, in mutu a cikin masu girmama rubutu."

Na rufe littafin. Fu'ad ya miƙe bai dubi kowa ba, ya sunkuya ya ɗauki bahon da hannu biyu ya fita da shi, ruwan na tangaɗi yana zuba a kan jallabiyarsa. Na ji wani sanyi ya ratsa ni, na ce a raina shi ke nan, littafi ya tsira, ni ma na tsira.

"Uku ne," in ji Hajiya Rakiya.

Na ɗago kai.

"Littattafan uku ne, ɗan nan. Wannan shi ne ƙaraminsu. Shekarar da Baba ya rasu maƙwabta suka ce in muna son ya kwanta lafiya a kabarinsa mu rabu da takardunsa. Babu wanda ya iya karantawa a gidanmu, mun san baƙaƙen, ba mu san abin da suke cewa ba. Ni na wanke biyu da hannuna, a daro, shafi-shafi. Ina wankewa ina kuka, ina cewa nauyi nake sauke masa. Wannan ya faɗa bayan akwati ne, ban gan shi ba." Ta buɗe tafin hannuwanta a kan cinya tana duban su. "Tun daga ranar ban taɓa yin ɗawafi ban roƙa masa gafarar sihiri ba. Ashe maƙwabtansa yake lissafawa."

Ba zan yi ƙarya ba, abin da ya fara zo mini baƙin ciki ne irin na ɗan tarihi, mai zafi, har na ji maganar ta taso mini a wuya. Littattafai biyu, manya. Sai na dubi hannuwan nan nata, na haɗiye ta.

"Kai da ka yi karatu," ta ce, "me ke cikin biyun?"

"Ban sani ba, Hajiya. Babu wanda zai sani."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta daɗe tana gyaɗawa. Fu'ad ya dawo hannunsa a jiƙe, ya goge a jikinsa, ya tsuguna gabana. Ya ce in yafe masa, in ɗauki hoton kowane shafi, in zo gobe, in zo jibi, shi zai riƙa ɗauko ni da mota. Na zaro wayata.

"Ba yau ba," in ji tsohuwar. "Gobe ka ɗauka, ka kai wa malaman naka. Yau littafin nawa ne. Koma farko, ɗan nan, ka karanta a hankali, kunnena ba shi da ƙarfi."

Na mayar da wayar aljihu, na matsa kusa da kujerarta, na buɗe shafin farko.